Na'ura Ta Faɗa, Amma Wa Ya Faɗa Mata?

 'Ya'yana, ina jin hirarku a kan wannan ƙirƙirarriyar basira da ake kira AI, mai fargabar rasa aiki yana yi, mai murnar an huta da bin layi yana yi. Ni ba injiniya ba ne. A ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata na ƙarar da ƙuruciyata, abin da na sani shi ne takarda da irin abin da take yi wa mutum. A kan wannan zan tsaya, ku ara mini hankalinku kaɗan.

Haraji ne ya fara sa hukuma ta rubuta sunan talaka. A ƙasar Kano, farkon zamanin Turawa, akwai waɗanda ake kira malaman taki. Aikinsu su shiga gona su auna ta da ƙafa, tsawo da faɗi, su rubuta yawan takun, a kan wannan lissafi ake yanka wa mai gona abin da zai biya. Manomi yana tsaye yana kallo. In malam ya taƙaita taku, gona ta ƙaru a takarda, haraji ya hau. In ya buɗe ƙafa, gona ta ragu. Gonar dai tana nan yadda take, amma daga ranar abin da ke cikin littafi shi ne gonar a wurin hukuma. An daɗe ana shan wahalar haraji, don sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Duk da zaluncin da ke cikin awon nan, manomin ya san fuskar wanda ya auna shi. Yana iya nuna shi da yatsa, yana iya kai kuka wurin dagaci ko hakimi, ko a saurare shi ko kada a saurare shi.

A can Amurka ma ƙirgen mutane ne ya haifi na'ura. Ƙidayar 1880 ta ci kusan shekara takwas kafin a gama tattara sakamakonta da hannu. Sai wani mai suna Herman Hollerith ya kawo dabarar huda kati: kowane mutum da katinsa, kowane rami da ma'anarsa, injin lantarki yana karanta ramukan yana ƙirgawa. Da shi aka yi ƙidayar 1890, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda aka haɗa suka zama IBM daga baya. Kwamfutar farko da aka ɗora wa aikin ofis na yau da kullum kuwa, abin dariya, ta wani kamfanin shayi da burodi ce a Landan mai suna Lyons, a 1951. Sauran labarin kun fi ni saninsa: masu cika ɗaki, na kan tebur, intanet, sai wadda ke aljihunku. A kowane mataki sauri yana ƙaruwa, tazarar da ke tsakanin mutum da abin da aka rubuta a kansa ita ma tana ƙaruwa.

Bari in kwatanta muku fayil, don na san a cikinku akwai wanda bai taɓa riƙe na gaske ba. Bango ne na kwali da lamba a goshinsa, takardun ciki an huda kusurwarsu an zura zare mai ƙarfe a baki biyu. Duk takardar da ta shigo sai an buga mata hatimin ranar da ta iso, an sa mata lambar shafi, don in wani ya zare ɗaya a ga giɓi. Ƙaramin akawu ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu da kwanan wata, na sama da shi ya rubuta nasa a ƙasa, a haka har ta kai ga mai jan biro. Masinja ba ya fita da fayil sai an rubuta a littafi inda za shi da wanda ya karɓa. Ba yabon zamanin nake yi ba. Gara ta ci wasu, ruwan damina ya jiƙa wasu, wasu kuma sukan “ɓata” har sai mai su ya ba da na goro, sannan su bayyana a ƙasan tebur. Na ga tsofaffi sun rasu suna bin haƙƙinsu saboda takarda ɗaya. Amma in ka buɗe fayil ɗin da ya tsira, ko bayan shekara talatin ne, za ka ga wanda ya fara kawo shawara, da wanda ya ƙi, da wanda ya danne ƙin ya sa hannu. Kowane hukunci yana da sawu.

Kwamfuta ta gyara abubuwa da yawa, kada wani ya ruɗe ku da kewar jiya. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, layukan tarho a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Babban Banki ya kawo BVN a 2014, aka ɗaure asusun mutum da yatsunsa, ma'aikatan bogi da yawa suka faɗo daga takardar albashi. Yau ɗan kasuwa a Dawanau yana karɓar kuɗin buhunan riɗi daga Legas bai motsa daga rumfarsa ba.

Sai dai fom na kwamfuta akwatuna ne, kuma wanda ya zana akwatunan ba mu ne a ransa ba. Yana son sunan dangi, mu kuwa da sunan uba muke amsawa, wani ma da sunan garinsu da aka laƙaba masa a makarantar kwana. Yana son ranar haihuwa, tsoho kuma abin da ya sani shi ne da kaka aka haife shi, shekarar da aka yi fara. Yaron da ke cike fom sai ya danna 1 ga Janairu ya wuce. Mutum ɗaya, a banki Mohammed, a katin shaida Muhammad, a takardar makaranta Mamman. A wani ofis da ba sai na kama suna ba, na zauna a benci kusa da wani dattijo yana rungume da leda cike da takardu, har da takardar rantsuwa ta kotu, wadda ya biya kuɗi ya rantse cewa shi ne shi. Yarinyar da ke bayan gilashi ba ta yi masa rashin kunya ba. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar ta ce, “Baba ka gani, wallahi ba ni ba ce, na'ura ce ta ƙi.” Gaskiya ta faɗa. Ba ta da ikon gyarawa, oganta ma ba shi da shi, kuma duk ofishin babu wanda zai iya gaya wa dattijon sunan mutumin da ya kafa ƙa'idar da ta ƙi shi.

Shekaru sun nuna mini cewa sabon tsari ba ya kashe tsoho, hawa kansa yake yi. Lokacin da ma'ajiyar kwamfuta ke da tsada, masu rubuta manhaja sun riƙa rubuta shekara da lamba biyu, 75 maimakon 1975, don tsimi. Da ƙarni ya zo ƙarewa sai duniya ta kashe biliyoyin daloli tana bin wannan tsimin layi-layi tana gyarawa kafin shekarar 2000. Saboda haka in an ce muku za a kawo AI ma'aikata kaza, ku tambaya a kan me za a ɗora ta. A kan rumbun nan ne mai Mohammed da Mamman, mai ɗimbin mutanen da aka haifa 1 ga Janairu, kuma babu wanda zai gaya mata cewa dole ce ta sa aka rubuta haka.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A Birtaniya, daga 1999 hukumar gidan waya ta sa wa ƙananan rassanta wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Manhajar takan nuna giɓin kuɗi inda babu giɓi. Masu riƙe da rassan suka yi ta kuka cewa lissafin ba daidai ba ne, aka riƙa gaya wa kowannensu shi kaɗai ke da wannan matsala. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun sayar da gidajensu sun cike giɓin da babu shi, wasu sun shiga kurkuku, har da mai juna biyu, wasu sun mutu kafin a wanke su. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da kurakuran manhajar, bayan mutum 555 sun haɗu sun kai ƙara, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Ƙasa ce fa mai alƙalai da lauyoyi da jaridu, manhajar kuma ba ta da wata basira, tarawa da ɗebewa kawai take yi. Abin da ya cuci mutanen shi ne kowa ya ɗauka kwamfuta ba ta kuskure, har kotu.

To me AI ta zo da shi wanda babu a da? Duk na'urorin da na lissafa, daga katin Hollerith zuwa BVN, ajiya suke yi. Abin da aka ba su shi suke mayarwa, kuma in ka dage da bin sawu kana iya isa ga wanda ya shigar. Irin su ChatGPT, da aka saki a ƙarshen Nuwamba 2022, dabam suke. An ɗura musu rubutun da ɗan adam ba zai iya karance shi ba ko da za a ba shi rai dubu, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. In ka yi tambaya, amsar ba ɗauko ta ake yi daga aljihun tebur ba, ƙera ta ake yi nan take. Sau da yawa tana fita daidai har ka riƙe baki. Wani lokaci kuma ta fita a karkace, amma da murya iri ɗaya da natsuwa iri ɗaya. Ni tana tuna mini da tafintan zamanin Turawa, mai tsayawa tsakanin Razdan da talaka. Ya iya bakin kowa, ya sauƙaƙa wa kowa, amma da wuya ka ji ya ce “ban gane ba”, kuma cikin su biyun babu mai iya tantance abin da ya ƙara ko ya rage.

A 2023 wasu lauyoyi a New York sun miƙa wa kotun tarayya takarda a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jirgin sama na Avianca. Suka kafa hujja da tsofaffin shari'o'i shida, da sunayensu da lambobinsu. Aka nema aka rasa, babu ko ɗaya da aka taɓa yi. ChatGPT ce ta ƙaga su, kuma da lauyan ya tambaye ta ko na gaske ne, ta ce masa na gaske ne. Alƙali ya ci tarar lauyoyin dala 5,000. Na'urar babu abin da ya same ta.

Mu kam bai kamata wannan ya zo mana baƙo ba, don mun gaji ilimin da aka gina kacokan a kan tambayar “wa ya faɗa maka?” Malaman hadisi irin su Imamu Bukhari ba su karɓi magana don ta yi daɗi ko ta yi kama da gaskiya ba. Sai sun jera waɗanda suka ɗauko ta ɗaya bayan ɗaya sun binciki kowanne: ya riski wanda ya ce ya ji daga gare shi? Yana da riƙo? An taɓa kama shi da ƙarya? A ƙasarmu Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Amsar AI, in ba an matsa mata ba, matani ne mai kyau marar isnadi. Wasu daga cikin na'urorin nan yanzu suna nuna inda suka samo. To ku buɗe wurin ku gani da idonku, don takan nuna shafin da bai faɗi abin da ta jingina masa ba. A kan fatawa da magani da rabon gado kuwa, ina roƙonku, kada maganarta ta zama ta ƙarshe.

Akwai abin da nake fata daga gare ta wanda na gama aiki ban gani ba. Fiye da shekara ɗari mutum ne ke lanƙwasa kansa ya shiga akwatin fom. Na'urar da ke jin magana tana iya juya wannan. Tsohuwa ta ɗauki waya ta yi bayani da Hausarta, ta ce maigidanta ya rasu, ga inda ya yi aiki, a gaya mata takardun da za ta kawo da ƙofar da za ta shiga, ba sai ta biya ɗan kamasho a bakin get ba. Kuma tana iya gane cewa Mohammed da Muhammad da Mamman mutum ɗaya ne, abin da tsohuwar kwamfuta ta kasa. Amma a unguwarku kaɗai Muhammad Sani nawa ne? Na'urar da ta iya haɗe mutum ɗaya da aka raba uku, tana iya haɗe mutum uku ta mai da su ɗaya, ta ɗora bashin wani ko laifin wani a kan wani, alhali zato ta yi, babu wanda ya sa hannu.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a Yuni 2023 ta ba mutum haƙƙin ya nemi ganin abin da aka ajiye a kansa, ya nemi a gyara, ta kuma taƙaita yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura ita kaɗai. Dokar tana takarda, ku ne za ku zauna a kujerun. Duk wanda aka ba shi aikin gina irin wannan tsari a cikinku, ya nace a bar tebur ɗaya da mutum mai suna, mai ikon cewa na'ura ta yi kuskure ya gyara, a kuma rubuta wanda ya gyara da ranar. Masu kwangila za su ce wannan ƙarin kuɗi ne. Ƙarin kuɗi ne kuwa, ku nace duk da haka. Kuma kada ku ɗebi takardun marasa lafiya ko na ma'aikata ku zuba wa manhajar da ba ku san inda take kai su ba don kawai ta taƙaita muku, amana aka ba ku.

Abin da ya fi damuna a kanku shi ne koyon aiki. Ayyukan da AI ta fi saurin ɗauka su ne na sabon shiga: rubuta wasiƙa, taƙaita rahoto, daidaita lissafi. Da waɗannan ayyuka masu gundura muka koyi ofis. Sai ka kwafi wasiƙu har yatsunka sun yi kanta kafin ka fara gane takardar da babu ƙamshin gaskiya a cikinta, ka ga adadi ka ce wannan ya yi yawa tun ba ka lissafa ba. Yanzu ana cewa na'ura ta yi, ƙwararre ya duba. Daga ina ƙwararren zai fito in ba a bar yaro ya yi da hannunsa ba? Ku fara yin aikin da kanku, ko rabi ne, sannan ku ba ta, ku gwada naku da nata. Inda kuka saɓa ku tsaya ku gano wa ke da gaskiya. Ɗalibin da ta yi wa aikin gida tun daga aji ɗaya zai fita da takardar shaida, amma ranar da ta shirga masa ƙarya a gaban oga ba zai gane ba, kuma shi za a kora.

Saura maganar harshe. Waɗannan na'urori abin da aka ɗora a intanet suka fi karantawa, kuma Turanci ne ya fi yawa a can. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun ƙarshen 2013, an kuma ci gaba, amma rubutunmu a intanet kaɗan ne in aka gwada da yawanmu. Yadda manomin Gumel ke gane ƙasar da za ta karɓi gero, yadda marinan Ƙofar Mata ke haɗa baba da toka, yadda ake sasanta rikicin iyakar gona a gaban mai unguwa, mafi yawan wannan ba a taɓa rubuta shi ba. Wanda aka rubuta kuma yana kwance cikin ajami da Larabci a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar IRSH a Yamai, da akwatunan gidajen malamai. In kun tambayi na'ura a kan waɗannan, da wuya ta yi shiru. Za ta cike gurbin da abin da ta karanta a kan wasu mutanen dabam, jikokinku kuma su ɗauka tarihinsu ke nan.

Wannan aiki ne da ke jiran masu ƙarfin ido irinku. Wanda zai yi, ya fara da na kusa da shi. Ya nemi izinin mai magana kafin ya ɗauki muryarsa, ya gaya masa inda za a kai ta, ya rubuta sunansa da garinsu da ranar, da sunan wanda shi ma ya koya a wurinsa. In littafi ne, a ɗauki hoton kowane shafi, har bango da gefen da aka yi ta'aliƙi, a ba masu shi kwafi, kada a karɓe musu na asali da sunan za a adana. Gidajen malamai da yawa sun kulle akwatunansu ne saboda wani ya taɓa ara bai dawo da shi ba.